Kwalbar Adda Huseina

Ranar da Naziha ta fara shiga ɗakin binciken nan na Jimeta, ba ta tarar da kowa ba sai wani dogon saurayi tsaye gaban firiza, ya jingina goshinsa da murfin.

"Ina kwana, Adda," ya ce a hankali.

Ta waiga. Babu wata Adda, daga su biyu sai gurnanin firiza. Tsikar jikinta ta tashi, amma da ya juyo ya yi murmushi, wallahi sai ta manta hanyar ƙofa.

Sunansa Mu'tasim, shi ke kula da kayan aikin ɗakin. Ita kuwa ɗalibar digiri na biyu ce, tana binciken ciwon sikila, kuma a hannunsa ta koyi aikin.

"Ƙwayar halitta tana jin saƙo," in ji shi. "In ta ji, sai ta manna wa furotin ɗinta ɗan tambarin fosfet, amsarta ke nan. Wannan sinadarin kuma, antibodi, ba ya kama kowa sai mai tambarin. Inda ya kama, layi zai fito a fim."

"To ni wane tambari aka manna min, da nake zuwa tun bakwai na safe?"

Bawan Allah ya sunkuyar da kai yana dariya. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ƴar fosfet ɗina, kin isa Damilu lafiya?"

"Na isa, Malam Firiza. Ka ci abinci, don Allah."

Sai da soyayya ta yi wata huɗu ta tambaye shi wace ce Adda. Yayarsa ce, Huseina, mai sikila. Ta ba da jininta ga binciken mako biyu kafin ƴan bindiga su shiga Mubi. A wajen gudu suka rabu cikin daji, har yau babu ita, babu kabari. Abin da ya rage nata a duniya ƴan kwalabe uku ne cikin firizar nan.

Da aikin Naziha ya kai kan kwalaben, shi da kansa ya miƙo mata ta farko. Bayan kwana biyu ta shiga ɗakin duhu ita kaɗai, babu haske sai jan ƙwan lantarki ɗaya, ta tsoma fim a ruwan magani. Layi bai fito ba. Wata baƙar inuwa ce ta dinga bazuwa a hankali, har ta yi kama da kan mace mai mayafi.

Ta sake da kwalba ta biyu. Inuwar ta dawo, kuma ta rantse an yi ajiyar zuciya a bayanta.

A guje ta fita, ta je ta faɗa wa mahaifiyarta, Dada. Najmuddeen, ɗan goggonta da ya daɗe yana sintiri a kanta, yana tsakar gida ya ji komai. Kafin la'asar ya kai wa mahaifinta, Alhaji Haladu, har da ƙarin gishiri.

"Jinin matattu yake ajiyewa, yana gaishe shi?" Alhaji ya ce. "Ba zan ba mai hira da matattu ƴata ba. Magana ta ƙare."

Kwana biyar tana kuka, tana sonsa tana kuma tsoro. Ta rubuta masa: "Ka yi haƙuri, masoyi. Na ga Adda."

Ya amsa: "Adda ba ta taɓa tsorata kowa ba tana raye. Da me kika jiƙa takardar kafin ki zuba antibodi?"

Takardar da furotin ke manne a kai ana fara jiƙa ta ne, don kada antibodi ya kama wuraren banza. Garin jiƙawar da ake sayowa daga waje ya ƙare, sai ta dama madarar gari, yadda ta ga ana yi wa sauran antibodi.

Nan take ya kira ta. "Madara! Haba Naziha! Furotin ɗin madara ai cike yake da fosfet. Kin shafe takardar kaf da tambari, dole ya kama ko'ina."

Da ta kai wa Alhaji bayanin, ya ce shi ba ya jin Turancin madara, sai dai ya gani da idonsa. Kwalba ɗaya ta rage.

"In ka narkar da ita, shi ke nan, ba ka da sauran Adda," Naziha ta ce.

"Na sani," in ji shi. Ya ɗauko ta.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan an sake aikin ba tare da madara ba, su uku suka tsaya a ɗakin duhu, Alhaji na ta addu'a ƙasa-ƙasa. Fim ya fito fes, sai siririn layi guda ɗaya.

"Mene ne ma'anarsa, yaro?"

"Ranar da aka ɗebi jinin, Baba, ƙwayoyinta sun ji saƙo, sun amsa," in ji Mu'tasim. "Shekara uku ina gaishe ta, sai yau na ga amsa."

Alhaji ya dubi layin cikin jan hasken nan. "Ƙanena Usaid ma a hanyar Mubi ya ɓata. Ni ko kwalba ban samu ba." Ya share ido da bakin rawani. "Wa ya rage maka a dangi?"

"Sai kawuna a Vinikilang."

"Ka turo shi."

An ɗaura aure a Damilu bayan sallar Juma'a, Dada na ta sa albarka, Najmuddeen na rabon goro fuska a murtuke. Fina-finan inuwar nan biyu suna ƙasan akwatin Naziha. Madara ta bayyana baƙin, amma abin da ya sa siffar ta zo iri ɗaya har sau biyu, ba ta taɓa tambayar kowa ba.

Ranar da suka koma aiki, Mu'tasim ya tsaya gaban firiza yadda ya saba, ya buɗe baki, ya rasa wa zai gaisar. Ta matso ta riƙe hannunsa.

"Ina kwana, angona."

"Lafiya lau," ya ce, hawaye na zuba.

Allah Ya jiƙan Adda Huseina, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.