Gurbin da Mzee Faki Ya Bari a Waƙa

A layin mai soya rogo na bakin tashar Tanga suka haɗu. Zuhura na rera waƙa ƙasa-ƙasa, sai ta yi shiru a tsakiya, sannan ta ɗora. Saurayin da ke bayanta ya leƙo.

"'Yar'uwa, kin tsallake baiti."

"Kai kuma malamin makaranta ne? Haka take."

Makame ke nan, mai haɗa kiɗa a wani ɗan situdiyo da suka buɗe da abokinsa Seif. Kafin rogon ya soyu ya karɓi lambarta. Kafin wata uku kuwa ya zama ɗan gida wurin mahaifinta, Mzee Faki, wato dattijo Faki, tsohon makaɗin taarab, kiɗan mutanen bakin teku.

Waƙar ta Mzee ce. Shi da matarsa suke yin ta, shi ya ba da baiti, ita ta amsa. Tun rasuwarta yake barin gurbin amshinta babu komai, kuma ya rantse waƙar ba za ta bar gidansa ba. Amma so ba ya jin gargaɗi. Wata safiya Zuhura ta naɗi muryar baban a waya ta aika wa Makame.

"Kai kaɗai, nawan. Ko iska kada ta ji."

"Na rufe ta a zuciya, Zuzuna."

A zuciya ya ce, amma a kwamfutar situdiyo ya ajiye ta.

Saura sati biyu a kawo gaisuwa, Zuhura da babanta suna shan shayi da fanken mandazi, waƙar ta fito a rediyo. Muryar Seif ce, ga ganguna, ga sunan situdiyon an yi shela a farko. Mzee Faki ya ajiye kofi a hankali.

"Wa ya fitar da matata kasuwa?"

"Baba, ni na..."

"Na gane. Gaya wa ɓarawon nan kada ƙafarsa ta sake taka ƙofata."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Ka sayar da uwata, Makame."

"Wallahi Seif ne ya kwafa. Amma sakacin nawa ne. Ki ba ni zuwa Alhamis."

Shi kuwa Seif, marar kunya, har da aiko mata saƙo: "Ƙanwata, rabu da wannan. Ni ne mai tashe yanzu."

Ranar Alhamis aka kira Zuhura da babanta ofishin haƙƙin mallaka. Ashe Makame ne ya kai ƙarar situdiyonsa da kansa, ya san kuwa daga ranar ba shi da wurin aiki. Seif ya baje takardar rajista mai sunansa. Baban Zuhura kuwa ko rubuta waƙar bai taɓa yi ba. Makame ya miƙa naɗin da ta aika masa, Seif ya ce ai kowa na iya kwaikwayon waƙarsa.

"Hajiya, a saka waƙarsa," in ji Makame ga jami'ar da ke sauraron ƙarar. "A tambaye shi, me ya sa murya ke ɗaukewa bayan kowane baiti?"

"Salo ne, Mama!" Seif ya yi dariya. "Yayi ne."

"To me ake cewa a wurin?" in ji Makame.

Seif ya soma share gumi. Jami'ar ta dubi tsohon. Mzee Faki ya buɗe baki, kuka ya ci ƙarfinsa. Sai Zuhura ta miƙe. Aka maimaita waƙar, ta rera amshin uwarta, ya zauna daram a kowane gurbi, ba ragi ba ƙari.

Jami'ar ta ba da umarnin a dakatar da waƙar, a gyara rajista da sunan Mzee Faki da marigayiya.

A bakin ƙofa tsohon ya tare Makame.

"Yanzu da me za ka ci da 'yata?"

"Da kunnena, Baba."

"Kunnen ba laifi. Riƙon amanar ne sai an ƙara gyara. Turo manyanka."

Ranar biki Mzee Faki ya ɗauko udinsa, wato molonsa, ya kaɗa, ya ba da baitin farko. Da ya iso gurbin, ya ɗaga kai ya dubi amarya, ta amsa. Mata suka ɗauki guɗa, shi kuma ya sa musu albarka, Allah ya ba su zaman da ya yi da uwarta.