Aljanin da Ya Cika Kwamfutar Umma

Magariba ta kawo jiki, gidan ya yi tsit, Umma ta zauna gaban kwamfuta za ta tura takardun da ta buga wa ofis. Ta sa kalmar sirri. Allon ya yi duhu, ya mayar da ita inda ta fara. Ta sake, haka. Nan ne dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki.

Washegari ta kira ƙanenta mai gyaran kwamfuta. Ya shiga ta baƙin allon da masu gyara ke buga umarni, ya duba, ya yi tsaki.

"Yaya, ke da tara shirgi! Wurin ajiyar da aka yanka miki ya cika maƙil, shi ya sa take koro ki."

Ya goge tarkace, kwamfutar ta buɗe. Da rana ta faɗi ta sake cika, jifa ya dawo. Ofis suka aiko cewa haƙurinsu ya kusa ƙarewa. Da ƙanen ya bi diddigi, sai ya tarar fayil ɗaya ne ke kumbura. Ya kunna shi. Numfashi ne kawai, mai nauyi. Daga bayansu Auta, 'yar Umma, ta ce da muryar ƙaton namiji, "Cire hannunka, kare."

Malamin da suka kira ya iso da la'asar sakaliya, ya tarar an danne yarinyar a tabarma tana huci. Ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wane ne kai?"

"Mai gidan. Uwar yarinyar nan ta rushe ɗakin ajiyar da nake ciki ta kafa tebur. Ina zan zauna?"

"Ba a jikin 'yar mutane ba."

"To a bar mini na'urar."

Umma ta zabura. "Da ita nake ciyar da marayu, la'ananne!"

Aljanin ya yi wata dariya da ta sa tsigar jikinta tashi. Malam ya ɗaga murya da karatu, har aljanin ya fara ihu yana zagi.

"Zan fita! Amma a cikin muryar mijinta na ɓuya, wadda ta adana. Ta goge da hannunta, in ba haka ba ina nan."

Umma ta juya ga kwamfutar. Saƙonnin muryar marigayi ne, kuma ba ta da su a ko'ina sai nan. Ta dubi Auta, leɓenta ya fashe yana jini. Ta jawo kujera, ƙanenta ya nuna mata wurin, ta danna.

Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido.

"Umma, me ya sa kike kuka?"

"Ba komai," in ji Umma, tana goge mata baki da gefen mayafi. "Tashi ki sha ruwa."