Finjalan Iya

"Iya, na biyar ke nan kin fasa!"

"Zan fasa na shida ma! Bakin da ya bar salati ba zai taɓa mini finjali in mayar cikin kayana ba."

"To ki daina ba shi jabanar mana!"

Iya ta dafe ƙirji. "Ɗan ƙanena marigayi ya shigo gidana in hana shi jabana? Sharifa, ina kika bar tarbiyya?"

Haka ake yi tun da Jibril ya dawo daga aikin dam na Rusairis da gicciye a wuya. Ya zo gaisuwa, Iya ta dafa jabana, wato gahawa, ta zuba, ya sha ya tafi... tas!

Tun Sharifa tana goye aka ce matarsa ce. Yanzu maganar ta mutu. An karɓe gonar audugarsa, yara suna jifansa, shehun gari ya ba shi zuwa Juma'a: ya tuba ko ya bar garin.

Abdussalami mai kanti bai ɓata lokaci ba. Ya aiko da sababbin finjalai goma sha biyu daga kasuwar Hasahisa, da gaisuwa ga Sharifa.

"Kin ga ɗan albarka!" in ji Iya.

"Sai ki aure shi."

Ranar Alhamis Jibril ya shigo, ƙunshin kaya a hammata.

"Gwaggo, lorin zuwa Dindir yana jirana."

Iya ba ta ɗago ba. Ta tsallake sababbin, ta zuba masa a tsoho ɗayan da ya rage.

Sharifa ta matso, ta rage murya.

"Yaya Jibril... kalmar shahada ce kawai fa! Ka faɗa musu da baki, ka bar sauran a zuciyarka."

"Habibti, masoyiyata, in na yi musu ƙarya yau, gobe ke zan yi wa."

"To ka yi mini! Wallahi na yarda!"

Ya yi dariya, idonsa jawur. Ya shanye, ya ajiye finjalin gaban gwaggonsa, ya fita bai waiwaya ba.

Sharifa ta runtse ido, ta toshe kunne.

Shiru.

Lori ya tashi, ƙararsa ta yi nisa. Har yanzu shiru.

Ta buɗe ido. Iya ta juya baya, tana ƙulle finjalin a bakin zanenta, ko ɗauraye shi ba ta yi ba.

"Iya... wannan ba za ki fasa ba?"