Gwangwanin Mai Shago

A wani zamani an yi wani mai shago. Duk cinikinsa a gwangwani ɗaya yake zubawa, a gaban kowa.

Yayarsa ta ce, "Ƙanena, bar canji a nan, ka kulle sauran."

Ya ce, "Gobe, Yaya."

Ta sake faɗa. Ya ce, "Gobe, Yaya."

Rannan wani baƙo ya sayi allura, idonsa na kan gwangwanin. Da aka kira azahar, mai shago ya gitta benci a ƙofa, ya tafi masallaci. Ya dawo, benci na nan, gwangwani babu. Jarinsa ke nan duka.

Washegari Yaya ta kawo masa akwati mai kwaɗo. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon cikinsa.

Ya ce, "Me zan saka, Yaya?"