Surukin da Ba Ya Sa Takalmi

Baba mai gyaran takalmi ba ya kallon fuskar mutum, ƙafarsa yake kallo. In saurayi ya zo wajen Autarsa, sai ya leƙa ta taga ya karanta takalmin da aka cire a bakin ƙofa, ya yanke hukunci tun ba a gama gaisuwa ba.

"Na ce a'a," in ji shi, da ƙusa a baki. "Da idona na ga saurayin nan naki a filin makaranta. Ƙato da gemu, usur a wuya, yana bin yara da gudu ba ko silifas."

"Baba, koci ne fa," in ji Auta, hawaye na zuba. "Duk hutu yana tara yaran da iyayensu ba su da hali, ya koya musu ƙwallo kyauta."

"Kyauta! Ka ji wata sabuwa. Ba takalmi, ba albashi."

Mama ta ce kai ma da ka zo nemana ɗaya ƙafar takalminka da waya aka ɗaure ta. Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya goge takalminsa na fita har yana ɗaukar ido, ya ce yau zai je ya raba wannan magana. Auta ta ja mayafi ta bi shi, don ta san in Baba ya furta a gaban mutane, an gama.

A bakin fili wata 'yar yarinya mai giɓi ta tare shi.

"Baba tsoho, a cire takalmi."

"Ke, kin san da wa kike magana?"

"Doka ce. Kuma ba a yi wa Koci magana sai wanda yake cikin wasa. Ga shi golanmu ya tafi fitsari."

Baba ya duba hagu, ya duba dama. Taurin kai ya hana shi komawa. Ya cire, ya naɗe riga, ya tsaya a raga. Koci ya hango shi, usur ya faɗo daga bakinsa, ya rugo ya durƙusa.

"Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Na zo in gaya maka, tsakaninka da 'yata..."

Tim! Ƙwallo ta sauka a tumbinsa. Yara suka kaure da ihu, wai Baba ya tare. Suka yanyame shi, wani na rungumar ƙafarsa, wani na cewa gobe ma shi za a sa. Auta ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

Da numfashi ya dawo, Baba ya ce, "Kai, wai don me babba da kai kake yawo ƙafa a ƙasa?"

Koci ya sunkuyar da kai. "Baba, ranar da muka fara, masu takalmin wasa suka shigo, marasa shi suka tsaya bayan katanga suna leƙe, kunya ta hana su. Su kuwa don su aka buɗe wurin. Sai muka share filin tas, na ce kowa ya cire. Ni na fara cirewa."

Baba ya juya. Ya koma bakin layi inda takalman suke jere, ya tsuguna yana karantawa kamar yadda ya saba. Silifas mai ƙusa a ƙasa, wani ƙafa biyun ba launi ɗaya ba, wani na babba ne an yanke bayansa. A tsakiyarsu nasa na ta ƙyalli, kuma karon farko a rayuwarsa ya ji kunyar takalmi mai kyau.

Ya buɗe gaban rigarsa ya fara kwashewa.

"Baba, ina za ka kai?" in ji Auta.

"Shago. Kafin a tashi na ɗinke su." Ya juya ya harari Koci. "Kai kuma ka turo manyanka. Amma ranar, don Allah, ka sa takalmi."

Ya tafi tiƙis-tiƙis ƙafa a ƙasa, ya manta nasa a layi. Auta ta ɗauko ta bi shi tana share hawaye. Haƙurinta ya biya, Baba kuma ya koyi abin da sana'a ba ta koya masa ba: kafin ka raina mutum don abin da ya rasa, tambayi wa ya cire wa.