Gurbi na Biyar

Akwai arahar da idan mutum ya gani gara ya tattare rigarsa ya ruga, amma kafintan nan bai ruga ba, har godiya ya yi.

Kafinta ne mai hannu, aikinsa ba ya komawa gyara, sai dai akwai shi da dogon buri da son a gani a yaba. A gidan haya yake zaune da tsohuwarsa, da matarsa, da ƙanensa direban motar kaya, da 'yarsa tilo wadda kowa ke kira 'Yar Baba, domin tun tana rarrafe ba ta yarda da kowa sai shi.

Wani attajiri ne ya jawo masa. Ya kira shi ya yi masa kabad ɗin gilashi na adana wuƙaƙen ado, irin masu baki biyu da ake tarawa don kallo. Kafinta ya ga masu ƙotar azurfa, ya ga masu kube mai zane, ya ga yadda baƙi ke tsayawa suna jinjina kai. Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Da ragowar katakon ya haɗa nasa ɗan kabad, ya shimfiɗa jan karan-miski a ciki, ya fafe gurbi biyar, ya kafa shi a bangon ɗaki. Matarsa ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita dai ta ga masu tara wuƙa, amma mai tara iska sai a gidanta.

Ya tafi layin masu tsofaffin kaya neman wuƙar farko. Wadda ta yi masa, kuɗinta ya fi ƙarfinsa. Wadda zai iya saya, ko ta yi tsatsa ko tana girgiɗi a ƙota. Wani dattijo mai tebur ya zaro masa wata mai ƙotar katako, da ɗan gutsure a gindin ƙotar, ya ce mai farawa irin wannan yake ɗauka, miƙaƙƙiya ce, ƙarfenta nagari, ba za ta taɓa masa kuɗin cefane ba. Shawara ce ta gaskiya. Kafinta ya juya ta, ya yatsina fuska, ya ce wannan ai ko albasa ba zai yanka da ita a gaban baƙi ba.

Wani mai wasa wuƙa da ke tsugune a gefe ya bi shi da ido, sannan ya biyo shi. Ya raɗa masa cewa akwai wani maƙeri a bayan filin 'yan gwangwan, wuƙarsa ba ta da tsada, kuma ita da kanta take kiran 'yan'uwanta, har da dukiyar sayensu. Kafinta ya san sarai irin maƙerin da ake nufi, na tsafi ne. Kada wani ya ce maka bai sani ba.

Da rana tsaka ya isa. Rumfar kwano ce a tsakiyar tsofaffin motoci, amma yana shiga sanyi ya kama masa ƙashi. Wuta na ci jajir, zugazugi na hurawa, ba kowa a kansa. Bango huɗu duk kube ne a rataye, ba adadi, kuma babu ko ɗaya mai wuƙa a ciki. A kan uwar maƙera akwai busasshen jini da ya yi baƙi, ƙuda ko ɗaya bai sauka a kai ba. Maƙerin tsoho ne, yatsu uku suka rage a hannunsa na hagu. Bai amsa sallama ba. Ya sa awartaki a cikin kwamin baƙin ruwa ya ciro wata wuƙa mai ƙotar ƙaho, tana sheƙi kamar yanzu aka goge ta.

Kafinta ya tambayi kuɗinta.

"Abin da ke aljihunka," in ji tsoho.

"Baba, abin da ke aljihuna ko burodi ba zai saya ba."

"Ya isa. Gurbi nawa ka fafe?"

Kafinta ya yi mamaki, domin bai ambaci kabad ba. Ya ce biyar.

"Mutum nawa ke ci a tukunyarka?"

"Mu biyar ne har da ni."

Tsoho ya yi murmushi, haƙoransa jajaye. "Ma'auninka ya yi kyau, kafinta. Ba ta son zaman kaɗaici. Za ta cika maka gurbi, za ta cika maka aljihu. Abin da za ta ci kuma ita za ta nema."

"Me take ci?"

"Ka zo saye ne ko tambaya? Ga ƙofa nan."

Ƙofar a buɗe take, kafinta ya waiga ya kalle ta, sannan ya miƙa hannu. Tsoho ya tsaga masa babban yatsa, ya danna a kan ƙarfen, jinin ya shige kamar ruwa a yashi. Ya sa shi ya hura mata numfashi, ya ambaci mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya. Har sunan 'yarsa ya faɗa. Kuben kuwa tsoho bai ba shi ba, ya rataye shi a bango tare da sauran.

Arziki ya zo ba sallama. Aikin kujerun wata babbar makaranta ya faɗo masa, sai na ƙofofin wani rukunin gidaje. Ya buɗe babban shago, ya sayi gida mai bene, ya ware wa kabad ɗaki guda. Ya sayo wuƙa ta biyu mai ƙotar azurfa, ya kwantar da ita a gurbinta da safe. Kafin la'asar aka kira shi tasha. Musu ya haɗa ƙanensa da wani direba a kan wurin ajiye mota, mutumin da suke cin abinci tare kullum, direban ya zaro wuƙa ya farke wa ƙanen ciki. Kafinta ya iske shi yana tare hanjinsa da hannu biyu yana cewa, "Yaya, ban yi masa komai ba." Bai kai asibiti ba.

An yi kuka, an ce ƙaddara. Kafinta ma ya ce ƙaddara, ya fi kowa ɗaga murya wajen faɗa, domin zuciyarsa na gaya masa wani abu dabam. Da aka kwana biyu wani dillali ya kawo masa ta uku, mai lanƙwasa. Kafinta ya ce zai duba ne kawai. Ranar da ta shiga gurbi, tsohuwarsa ta zame a bene ta faɗa kan gilashin taga, wani tsini ya shige ta maƙogwaro. A cinyarsa ta cika, jininta ya jiƙa masa wando har ƙasa.

Mai hankali a nan zai tsaya. Amma wanda ke tara kaya ba ya ganin abin da ya samu, gurbin da ya rage yake gani. Ya rarrashi kansa da cewa sau biyu ai dacewa ce, ya sayo ta huɗu. Matarsa, wadda ta yi masa dariyar tara iska, ta fara cewa tana jin ana wasa wuƙa a cikin bango. Ta daina ci, ta daina gane mutane, ta riƙa yankar hannunta da duk abin da ta samu tana cewa wuƙaƙen sun ce ƙishi suke ji. Aka kwashe duk wani abu mai kaifi daga gidan, ban da na kabad, don maigida ya hana a taɓa. Wata safiya aka same ta a ƙofar ɗakin kabad da fasasshen faranti a hannu, ta yanke jijiyar wuyanta.

Sai a lokacin ya koma wurin maƙeri da gudu, ya zube a ƙasa yana roƙo a karɓi wuƙar da dukiyar duka. Tsoho ko kallonsa bai yi ba. Ya nuna masa sababbin kube uku a bango, ya ce abin da aka sayar ba ya dawowa, kuma idan ya fasa kabad ko ya zubar da wuƙaƙen, a take za ta ɗauki ragowar. Dabara ɗaya ce: muddin gurbi na biyar yana fanko, yarinyar tana raye.

Ya daina saye. Ya kori dillalai. Amma kunya ta hana shi gaya wa 'yarsa, wadda ta zama budurwa, ita ke riƙe da gidan. Da wane baki zai ce mata shi ya ambaci sunanta a kan ƙarfe? Kullum sai ya shiga ɗakin ya tsaya gaban kabad, ya ƙura wa gurbin ido yana hawaye. Ita kuma tana leƙe ta bayan labule, tausayinsa yana cin ta. Ta san ubanta da son wuƙa. Ta ɗauka gurbin nan ne ke hana shi sukuni.

Wata rana ya dawo daga shago da hantsi, ta tarye shi da fara'ar da rabonsa da gani tun rasuwar uwarta. Ta ja hannunsa zuwa ɗakin.

"Baba, ba mai tsada ba ce, kada ka yi dariya. Mai tebur ya ce miƙaƙƙiya ce, ƙarfenta nagari."

A gurbi na biyar wuƙa mai ƙotar katako ce kwance, da ɗan gutsure a gindin ƙotar.

Ya yi wata ƙara da maƙwabta suka ce ba ta mutum ba ce. Ya naushi gilashin, ya tarwatse, ya cusa hannu don ya fizgo ta kafin wuƙar maƙeri ta ji. Amma mai ƙotar ƙaho ce ta zo hannunsa, ta manne. 'Yar Baba ta ga jini na zuba daga damtsensa, ta rungumo shi ta gaba tana cewa ya bari zai ji ciwo. Yana ji yana gani hannunsa ya ɗaga. Ya riƙe shi da ɗaya hannun, ya gartsa masa cizo, hannun bai tsaya ba. Wuƙar ta shige ƙirjinta har ƙota. Ta dube shi da mamaki, ta kama gefen rigarsa kamar yadda take yi tana ƙarama, ta sulale ƙasa.

Da aka ɓalle ƙofa, an same shi ya ɗora hannun a kan kabad yana datse yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗaure shi aka tafi da shi. Shago ya ƙone, gida ya zama kango, kabad kuwa ba wanda ya san inda ya shiga. Da aka sako shi bayan shekaru, layin masu tsofaffin kaya ya koma, can yake yini a tsugune, duk wanda ya ga yana taya wuƙa sai ya kama masa riga da dungulminsa yana cewa ya ɗauki mai ƙotar katako.

To, kai mai dogon buri, ka ji. Abin da guminka zai iya saya, ka saya ka gode wa Allah, ko da baƙi za su yi maka dariya. Duk wanda ya miƙa maka dukiya ya ce abin da ke aljihunka ya isa, ba aljihunka yake kallo ba, mutanen gidanka yake ƙirgawa.