Ƙoƙon Farko Na Baba Ne

"Ba zan ba da ke ga wanda zai tsallake teku da ke ba, Noelia. Magana ta ƙare."

Haka Baba ya ce, ya juya mini baya ya ci gaba da tsotsar mate ɗinsa, shayin ganyen nan mai ɗaci na ƙasarmu. Tun rasuwar Mama ni kaɗai na rage masa a gidanmu da ke garin Paysandú. Na san ba ƙin saurayina Malick yake ba, tsoron zama shi kaɗai yake, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Malick ɗan Senegal ne, yana gyaran wayoyi a bakin kasuwa. Ni na koya masa yawancin Sifaniyancin da yake ji, kuma ban taɓa ganin mai naci irinsa ba. Ranar da muka zo kan kalmar mate sai da ya dafe kai. Na ce masa ƙoƙon da ake sha a ciki mate ne, ruwan ganyen ma mate ne, kan mutum ma a bakin 'yan unguwa mate ne. Idan kuma aka ce zo mu sha mate, ana nufin zo ka zauna da mu.

"To wanne ne na gaskiya, masoyiyata?"

"Na ƙarshen," na ce masa.

Da ƙyar da magiya Baba ya yarda Malick ya zo ranar Lahadi da yamma. Na kwashe mako ina yi masa bita: kada ruwa ya tafasa, kada ya juya bututun ƙarfen da ake tsotsa da shi, ya shanye har ƙoƙon ya yi ƙara. Kada kuma ya kuskura ya ce na gode, don a wurinmu wanda ya gode ya ƙoshi ke nan, ba a sake miƙa masa.

Ya iso cikin farar riga, ya gaisa a ladabce. Baba ya kalle shi sama da ƙasa, sai ya tura masa flas da tsohon ƙoƙon Mama.

"An ce ka iya. Zuba mana."

Wallahi Malick ya burge ni. Ya karkata ganyen gefe guda, ya jiƙa shi a hankali. Sai kawai ya miƙe, ya rusuna, ya miƙa wa Baba ƙoƙon farko da hannu biyu.

Nan ne bitata ba ta kai ba, don ko yaro a garinmu ya sani. Na farko shi ne mafi ɗaci, duk ƙurar ganyen tana ciki, mai zubawa ne yake shanye shi. Ana ma ce masa na wawa.

Baba bai karɓa ba.

"Ni ne wawan gidan, yaro?"

Malick ya dube ni a ruɗe. Na raɗa masa abin da ya yi. Na ɗauka zai janye ƙoƙon ya shiga ba da haƙuri, amma bai sauke hannunsa ba.

"Ka yafe mini, ban sani ba," ya ce a hankali, yana laluben kalmomi. "A gidanmu idan an dafa shayi, bakin kowa ba ya taɓawa sai babba ya sha. Mahaifina ya rasu kafin in taho... tun da na zo ƙasar nan ban sami wanda zan miƙa wa na farko ba. Ba ɗauke ta na zo yi ba, Baba. Wurin zama nake nema."

Ni dai hawaye sun riga sun wanke mini fuska, ina jin son bawan Allahn nan har cikin ƙashina.

Baba ya daɗe yana kallon ƙoƙon matarsa a hannun baƙo. Can ya karɓa, ya kai baki. Na ga yadda ɗacin ya yamutsa masa fuska, amma bai tsaya ba sai da ƙoƙon ya yi ƙara.

"Ban taɓa shan mai muni irin wannan ba," ya ce, yana goge ido da bayan hannu wai ƙurar ganye ce.

Ya mayar wa Malick ƙoƙon. Na kasa kunne.

Bai ce na gode ba.

Da kaka aka ɗaura mana aure, muka zauna a ɗakin baya. Har yau duk yamma Malick ne mai zubawa, kuma Baba ne yake shan na farko. Maƙwabcinmu Don Heber ba ya gajiya da tsokanarsa, wai tsufa ya sa ya koma shan na wawa.

"Kai dai sha naka," in ji Baba. "Wannan ɗana ne ya ba ni."